Nenjil Or Aalayam da Zamanin Finafinan Jinya a Ƙasar Tamil

Nenjil Or Aalayam fim ne marar launi na harshen Tamil, wanda C. V. Sridhar ya rubuta labarinsa, ya ba da umarni, ya kuma ɗauki nauyinsa a ƙarƙashin kamfaninsa na Chitralaya da ke Madras, birnin da ya koma Chennai a 1996. An fara nuna shi ranar 26 ga Janairu, 1962, ranar da Indiya ke bikin zamowarta jamhuriya. Sunan yana nufin ɗakin ibada a cikin zuciya. Mutum uku ne ke riƙe da labarin: Kalyan Kumar ya fito a Dakta Murali, Devika ta fito a Seetha, R. Muthuraman kuma ya fito a mijinta Venu. Kusan komai a cikin asibiti ɗaya yake faruwa, tsakanin ɗakin majinyaci, ofishin likita da barandar da ta haɗa su. Ana lissafa shi cikin finafinan da suka kafa salon da Kudancin Indiya ta yi shekara talatin tana maimaitawa, wato soyayyar da ciwon ajali ke shiga tsakaninta, har wani daga cikin masoyan ya haƙura da rabonsa don wani ya zauna lafiya.

Labarin ba shi da rassa da yawa. Murali da Seetha sun so juna. Ya tafi ƙasar waje ƙaro ilimin likitanci, kafin ya dawo an aurar da ita ga wani, ba da son ranta ba. Sai ya ɗauki alkawarin ba zai yi aure ba, ya ba da rayuwarsa ga masu ciwon daji. Bayan shekaru aka kawo masa wani attajiri, Venu, da sankarar huhu, kuma matar da ta rako shi jinya Seetha ce. Tsoronta na farko shi ne kada tsohon masoyinta ya yi wa mijinta riƙon sakainar kashi, tunda mutuwar mijin ce kaɗai hanyar da za ta dawo masa da ita. Murali ya rantse mata ba haka zai yi ba. Venu ya ji abin da ke tsakaninsu, kuma maimakon kishi sai ya yi abin da ya girgiza masu kallo na wancan lokaci: ya nemi idan rai ya yi halinsa, Murali ya auri Seetha, don kada ta ƙare ƙuruciyarta cikin zaman takaba. Seetha ta ƙi. Ta faɗa wa likitan cewa ranar da mijinta ya mutu ita ma ba za ta ƙara kwana a duniya ba. Ana cikin haka wata ƙaramar yarinya da ke kwance a asibitin, wadda Kutty Padmini ta fito a matsayinta, ta rasu, abin da ya ƙara wa Seetha fargaba.

Daga nan likitan ya shiga tsaka mai wuya. In majinyacin ya mutu a hannunsa, ko da ba laifinsa, ba wanda zai wanke shi daga zargi, har da zuciyarsa. Ya daina barci, ya daina cin abinci, ya duƙufa kan shirin tiyatar. Aka yi aiki, Venu ya tsallake, amma Murali ya yanke jiki ya faɗi, gajiya da hawan jini suka gama da shi. Fim ɗin ya rufe da mata da mijin a wajen buɗe asibitin da aka gina don tunawa da shi. Wanda aka shigo da shi a kwance ya fita da ƙafarsa, mai lafiyar ne aka ɗauka.

Ba a gane girman abin da Sridhar ya yi sai an san yadda finafinan Tamil suke kafin zuwansa. Fim mai magana na farko a harshen, Kalidas, ya fito a 1931, kuma shekaru ashirin da suka biyo baya na tatsuniyoyin alloli da sarakuna ne, inda jarumi mawaƙi ne kafin ya zama ɗan wasa. A 1952 Parasakthi ya sauya akala. M. Karunanidhi, wanda daga baya ya zama babban ministan jihar Tamil Nadu, shi ya rubuta maganganunsa, kuma a nan Sivaji Ganesan ya fara fitowa. Tun daga lokacin fim ya zama dandalin siyasar jam'iyyar Karunanidhi, DMK: dogayen jawabai masu ƙafiya a gaban kotu ko gaban wurin bauta, ana caccakar fifikon dangi da camfi. Mutane kan haddace jawaban su riƙa maimaitawa a dandali. Kasuwa kuma ta rabu tsakanin manyan taurari, Sivaji da M. G. Ramachandran, sai Gemini Ganesan a fagen soyayya. Sunan tauraro ke sayar da tikiti, darakta yana can baya.

Sridhar, wanda aka haifa a 1933, ya shigo ta ƙofar rubutun labari da tattaunawa. Fim ɗin farko da ya ba da umarni, Kalyana Parisu na 1959, labarin 'yan'uwa mata biyu ne da suka so mutum ɗaya, ɗaya ta janye don ɗaya. Ya karɓu ƙwarai, aka sake yin sa da Hindi a 1961 da sunan Nazrana, tare da Raj Kapoor. Tun daga nan aka san shi da soyayyar mutum uku, aka kuma san shi da mutanen da ke magana kamar yadda ake magana a gida, ba kamar masu wa'azi a kan mumbari ba. Yana da shekara 28 lokacin da Nenjil Or Aalayam ya fito, kuma yana daga cikin daraktocin Tamil na farko da masu kallo suka fara zuwa sinima saboda sunansu.

Yadda aka ɗauki fim ɗin ma labari ne. An gina asibitin a cikin sitidiyon Vijaya Vauhini da ke Madras, aka kammala ɗauka cikin ƙasa da wata guda. Babu ko ɗaya daga cikin manyan taurarin nan uku. Kalyan Kumar ya fi suna a finafinan Kannada, Muthuraman kuwa a lokacin bai daɗe da barin ƙananan matsayi da wasan daɓe ba. Wannan zaɓi ya yi wa labarin amfani fiye da rage kashe kuɗi. Da Sivaji ne a kan gadon, ko Ramachandran ne riƙe da wuƙar tiyata, da kowa ya san inda za a kwana tun kafin a kashe fitila, don tauraro ba ya faɗuwa sai yadda masoyansa suka yarda. Da baƙin fuskoki, mai kallo bai san wa zai mutu ba. Nagesh, da ya fito a Peter, ma'aikacin da ke hidimar ɗakin marasa lafiya, a nan ya samu sunan da ya kai shi ga zama babban ɗan barkwancin Tamil na shekarun 1960, kuma Manorama na tare da shi a ɓangaren ban dariyar.

Aikin da ya fi jure wa shekaru shi ne na mai ɗaukar hoto, A. Vincent, mutumin Calicut, wanda daga baya ya zama darakta a finafinan Malayalam. Ɗaki huɗu ko biyar ba su da abin nunawa sai gado, taga da labule, don haka sai ya mai da haske da inuwa kayan aiki. Sandunan taga kan jefa inuwa a fuskar Seetha, ƙarfen gado kan raba allo biyu tsakanin mata da miji, likita kan tsaya a bakin ƙofa rabinsa a duhu. Wurin da masana fim na Tamil suka fi ambato shi ne waƙar da Seetha ke yi wa mijinta bayan ya nemi ta auri wani. Tana zaune da sitar, shi yana kan gado, ba rawa, ba sauya kaya, ba fita lambu. Duk waƙar a ɗaki ɗaya aka ɗauke ta, kyamara tana zagaye su ta kusurwa daban-daban, har da ratsawa ta ƙarƙashin gado. A zamanin da waƙa ke nufin hutu daga labari, wannan waƙar ita ce labarin kansa: a cikinta matar ta mayar da amsar da ba za ta iya furtawa da magana ba.

Kiɗan na Viswanathan da Ramamoorthy ne, abokan aikin da suka mamaye finafinan Tamil har zuwa rabuwarsu a 1965, baitocin kuma na Kannadasan. P. Susheela ta rera na Seetha, P. B. Sreenivas da A. L. Raghavan suka rera na mazan. Waƙar Raghavan, inda likitan ke yi wa wadda ta kuɓuce masa fatan alheri, ta fita daga fim ɗin ta shiga bakin jama'a, har ta zama abin da Tamilawa ke jefa wa wanda budurwarsa ta auri wani, wani lokaci da tausayi, wani lokaci da zolaya. Kannadasan ya iya sanya falsafar ƙaddara cikin kalmomin da mai tura amalanke zai gane, kuma da yawa daga cikin masu son waƙoƙin nan ta rediyo suka san su, ba su taɓa ganin fim ɗin ba.

Zaɓen ciwon daji ba haɗari ba ne. Kafin lokacin tarin fuka ne ciwon masoya a adabi da fim, amma maganinsa ya fara samuwa tun ƙarshen shekarun 1940. Paalum Pazhamum na A. Bhimsingh, wanda ya riga fim ɗin Sridhar da 'yan watanni a 1961, ya nuna wannan sauyi ƙarara: matar da ke da tarin fuka ta warke a Suwizalan, mijinta likita kuwa maganin ciwon daji yake nema. Sankara ce ta gāji kujerar ciwon da ba ya jin magani. A Madras ta wancan lokaci maganar ba baƙuwa ba ce. A 1954 Dakta Muthulakshmi Reddy, wadda 'yar'uwarta ta rasu da ciwon, ta kafa cibiyar kula da masu ciwon daji a unguwar Adyar, ta fara da 'yan gadaje ƙalilan. Dakta V. Shanta ta shiga cibiyar a 1955, ta zauna a cikinta har rasuwarta a 2021. Likitan da ya bar komai ya tare a asibiti, kamar Murali, yana da kama a zahiri cikin garin da aka yi fim ɗin.

Ta fuskar ilimin likitanci kuwa, fim ɗin bai damu da gaskiya ba. A 1962 sankarar huhu kan kai ga likita ne bayan ta yaɗu, kuma kaɗan ne daga masu ita tiyata ke ceta. Ba ƙwazon likita na dare uku ke yanke hukunci ba, matakin da ciwon ya kai ne. Haka nan babu likitan tiyata mai hankali da zai hana idonsa barci kwana da kwanaki sannan ya shiga buɗe ƙirjin mutum. A fim rashin barcin shaidar tsarkin niyya ce, a asibiti kuwa dalilin dakatar da aikin ne. Sai dai abin mamaki, tarihi yana da labari mai kama da ƙarshen fim ɗin. A 1933 likitan tiyata Evarts Graham, a birnin St. Louis na Amurka, ya yi nasarar cire huhu guda sukutum daga jikin mai sankara, aikin da ake lissafawa a matsayin na farko irinsa. Graham mashayin taba ne, kuma yana cikin waɗanda suka wallafa binciken 1950 da ya danganta taba da ciwon. Sankarar huhu ce ta kashe shi a 1957, majinyacin nasa kuwa ya rayu bayansa da shekara shida. Rahoton ƙungiyar likitocin Ingila kan taba da lafiya ya fito a watan Maris na 1962, makonni kaɗan bayan fitowar fim ɗin, amma maganar musabbabin ciwo ba ta cikin damuwar Sridhar. A wurinsa ciwon saukar ƙaddara ne.

Abin da ya dame shi yana wani wuri. Ciwon ƙofa ce ta shiga maganar da ba a yi a fili: me zai faru da macen da ta so wani kafin aure, kuma shin matar da mijinta ya mutu tana da damar sake aure. Mai karatun da ya tashi inda mace ke takabar wata huɗu da kwana goma, ta fita, masu neman zawarcinta su fara sallama, zai iya rasa dalilin da roƙon Venu ya zama abin girgiza. A tsakanin manyan dangogin Hindu, da waɗanda ke kwaikwayonsu, mutuwar miji kan rufe wa mace rayuwa. A ƙasar Tamil akan cire mata thali, wato abin wuyan da ango ke ɗaura wa amarya ranar aure, a share jan ɗigon goshinta, ta bar sa furanni a gashi, a wasu gidajen ta koma farin tufafi, kuma ba a son ganinta a gaba wajen biki. Doka ta halatta mata sake aure tun 1856, bayan gwagwarmayar Ishwar Chandra Vidyasagar a Bengal, kuma ƙungiyar Mutunta Kai da Periyar ya jagoranta tun 1925 ta yi ta ɗaura irin wannan aure a bainar jama'a. Amma doka daban, abin da maƙwabta za su ce daban. Har a 1975 sai da gwamnatin Tamil Nadu ta fito da tallafin kuɗi don ƙarfafa auren matan da mazansu suka mutu.

Sridhar ya yi ƙarfin halin ɗora tambayar a bakin mijin da kansa, wanda ba za a zarge shi da son zuciya ba. Amma da ya zo ba da amsa sai ya ja da baya. Seetha, mai sunan matar Rama da Hindu ke buga misali da ita wajen biyayyar aure, ita ce ta fi kowa tsananta wa kanta. Ta ɗauki tayin mijinta a matsayin cin fuska, ta zaɓi mutuwa a kan sabon aure. Mutuwar likitan kuma ta kwance ƙullin ba tare da an taɓa al'ada ba: aure ya tsira, thali ya zauna a wuya, tsohuwar soyayya ta koma abin girmamawa tunda mai ita ba ya nan. Mai kallo na 1962 ya samu damar tausaya wa soyayyar da aka hana, ya zubar da hawaye, ya koma gida bai ji an rushe masa komai ba. A nan nasarar fim ɗin take a kasuwa, a nan kuma rauninsa yake. Maza biyu masu kirki suna miƙa wa juna mace cikin ladabi, ba wanda ya tambaye ta abin da take so kafin ya yanke shawara. Devika ta cike giɓin da ido da shiru, shi ya sa matsayin ya fi ƙarfin yadda aka rubuta shi.

Fim ɗin ya shafe watanni ana kallonsa, ya kuma karɓi lambar azurfa ta shugaban ƙasa a matsayin fim mafi kyau na harshen Tamil a shekararsa. Sridhar da kansa ya sake yin sa da Hindi a 1963 da sunan Dil Ek Mandir, inda Rajendra Kumar ya zama likitan, Meena Kumari matar, Raaj Kumar mijin, Mehmood kuma ya karɓi ɓangaren barkwanci, da kiɗan Shankar da Jaikishan. Raaj Kumar ya ci lambar Filmfare ta mataimakin jarumi da wannan matsayi. A na Hindin an sa wa ma'auratan suna Ram da Sita, don kada wani ya kuskure ishara. Sridhar ya ƙara yin na Telugu, Manase Mandiram, a 1966, daga baya wasu suka yi na Malayalam da na Kannada a shekarun 1970. Labari ɗaya ya zagaya harsuna biyar cikin shekara goma sha biyar. Wannan ita ce hanyar da labaran Madras ke bi su fita duniya a lokacin: sai sun sa rigar Hindi. Gidajen sinima na Kano, Jos da Kaduna a wancan zamani finafinan Hindi suke nunawa, don haka mai kallo a can yakan ga labarin da aka haifa a Kudancin Indiya yana zaton na Bombay ne.

Waɗanda suka biyo baya sun ɗauki asibitin, suka sauya wanda ke kwance. Neerkumizhi na 1965, fim ɗin farko da K. Balachander ya ba da umarni, shi ma a asibiti aka yi shi, kuma Nagesh ne majinyacin da kwanansa ya kusa ƙarewa yana ta ba mutane dariya. Anand na Hrishikesh Mukherjee, a 1971, ya kai wannan hali ga masu kallon Hindi da Rajesh Khanna. Zuwa farkon shekarun 1980 salon ya ɗauki wata siffa. Yanzu saurayin ne ke da ciwon, kuma sadaukarwarsa ƙarya ce: ya ɓoye wa budurwar, ya ɓata halinsa da gangan don ta tsane shi ta auri wani. Haka Premabhishekam na Telugu ya yi a 1981, haka Vazhvey Maayam ya maimaita da Tamil a 1982 tare da Kamal Haasan da Sridevi, inda jarumin ya rungumi kwalba da karuwa don a ga lalacewarsa. A shekarar dai Payanangal Mudivathillai, da jarumi Mohan da kiɗan Ilaiyaraaja, ya ba wa mawaƙinsa sankarar jini ya sa shi guje wa masoyiyarsa. Bambancin da fim ɗin 1962 babba ne. A wurin Sridhar mutanen uku duka sun san gaskiya, nauyinta ne ke danne su. A finafinan 1980 mutum ɗaya ne ya sani, sauran ana juya su. Tarin jini a farin hankici da likitan da ke cire tabarau kafin ya faɗi mummunan labari sun yawaita har 'yan barkwanci suka mai da su abin wasa.

Tambayar da Sridhar ya buɗe ya rufe kuwa ta ci gaba da tafiya ba tare da ciwo ba. A Andha 7 Naatkal na K. Bhagyaraj, 1981, miji likita ya yarda ya mayar da amaryarsa ga saurayinta, saurayin ne ya ƙi karɓa saboda thalin da ke wuyanta. A Mouna Ragam na Mani Ratnam, 1986, amarya ta buɗe baki ta nemi saki daga mijin da aka zaɓa mata, kuma wanda ya fito a tsohon saurayinta shi ne Karthik, ɗan Muthuraman. Uban ya yi mijin da ke tsakanin masoya, ɗan ya yi masoyin da aka rasa. A Rhythm na 2000 an ga mace da namiji da kowannensu ya rasa abokin zama sun haɗu, labarin bai buƙaci kashe kowa don wanke su ba. Mani Ratnam ya kuma juya salon jinyar kansa a Geethanjali na 1989, wanda aka fassara zuwa Tamil da sunan Idhayathai Thirudathe: masoyan biyu duka suna da ciwon ajali, ba wanda zai sadaukar wa wani, sai dai su ci moriyar abin da ya rage. Kal Ho Naa Ho na 2003 ya kai tsohon tsarin birnin New York, Shah Rukh Khan yana shirya wa wadda yake so aure da abokinta, ciwon zuciya a madadin sankara.

Likitanci ma ya janye ƙasa daga ƙarƙashin irin wannan labari. Wani nau'in sankarar jini da ke kisa cikin 'yan shekaru ya zama ciwon da ake zama da shi bayan fitowar ƙwayar imatinib a 2001. Rigimar haƙƙin mallakar wannan magani a ofishin rajista na Chennai ta fara, kotun ƙolin Indiya ta kammala ta a 2013 da hukuncin da ya bar kamfanonin ƙasar su ci gaba da yin mai araha. Chennai ta zama garin manyan asibitoci, tun daga Apollo da aka buɗe a 1983, kuma 'yan Nijeriya na cikin masu zuwa can neman magani. B. Nagi Reddi, mai sitidiyon Vijaya Vauhini, ya kafa asibitin Vijaya a 1972, kuma da harkar manyan sitidiyo ta ja baya, filin da aka taɓa gina asibitin katako a cikinsa ya koma asibiti na gaske da rukunin kantuna. Tun 2012 doka ta tilasta sanya gargaɗi a allo duk inda aka nuna shan taba a fim. Marubucin yau da ya ce jaruminsa na da ciwon daji, masu kallo za su tambaye shi wane iri, wane mataki, nawa ne kuɗin magani, wa zai biya. Ƙa'idar aikin likita ta yau ma ba za ta bar Murali ya riƙe majinyacin da yake da irin wannan alaƙa da matarsa ba. Da ya miƙa shi ga abokin aiki tun ranar farko, labarin kuma ya ƙare a nan.

Kusan duk waɗanda suka yi fim ɗin sun rasu: Muthuraman da Kannadasan a 1981, Devika a 2002, Sridhar a 2008, Nagesh a 2009, Vincent, Viswanathan da Manorama duk a 2015. Yanzu a talabijin da intanet ake ganinsa, kuma waƙoƙin sun fi cikakken fim ɗin samun masu kallo. Mai kallon yau zai ga barkwancin ya yi tsawo, zai ga kiɗan baƙin ciki yana riga hawaye zuwa, zai kuma yi wuya ya yarda cewa gajiya da hawan jini za su kashe likita a daidai minti ɗin da labari ke buƙata. Finafinan Tamil da Telugu da ake fassarawa zuwa Hausa a 'yan shekarun nan, waɗanda suka sa matasan Kano da Maraɗi suka san jarumai Vijay da Suriya, galibi na faɗa ne da ramuwar gayya, don haka wannan reshe na tarihin Kudancin Indiya bai iso ta wannan hanya ba. A can ƙasar Tamil kuwa daraktoci da masu ɗaukar hoto har yanzu suna komawa ga aikin Sridhar da Vincent idan ana maganar yadda ake riƙe mai kallo da mutum uku da ɗaki ɗaya, musamman waƙar nan ta gefen gado.